Bisimillar da na sa wa na'ura

Laraba da dare, Makarfi.

Yau ni da na tsaya a aji huɗu na ci yaƙi. Kwana uku imel ɗin ƙungiyarmu ta masu mazarƙwaila yana faɗawa kwandon sharar masu karɓa, ba sa ganinsa, mai sayenmu na Legas kuma ya ce Juma'a zai nemi wasu. 'Yata Hadiza ta turo wani layin rubutu, wai shi TXT, mai shaida wa na'ura cewa adireshin namu ne, ta ce in kwafa daidai a saitin imel ɗin. Na kwafa, amma bai yi aiki ba. Yau na sa tabarau na bi shi harafi-harafi. Ashe Bisimillah na rubuta a gabansa, yadda nake buɗe kowace wasiƙa.

A waya ta ce, "Baba, na'ura ba ta yi makarantar allo ba."

Na faɗi Bisimillata da baki, na sa layin shi kaɗai. Kafin la'asar mutumin ya amsa, mota guda ta mazarƙwaila yake so.