Sunayen da Na Wanke a Teburinka

Zuwa ga kakana abin ƙaunata, Malam,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ina rubuto maka ne domin na yi laifi, kuma na kasa faɗa wa kowa da baki.

Teburinka na rubutu yana nan a zaurenmu na Luggere, mai murfin nan da ake ɗagawa, wanda ka ce tun kana akawu a zamanin Turawa kake amfani da shi.

Ina ƙarama lokacin da mutane suka gudo Jimeta daga Mubi da Michika, amma ina tuna takalma cike da ƙofar zaure. Duk wanda ya rasa wani nasa a hanya sai ya zo wurinka. Ka ɗaga murfin, ka tsoma alƙalami a kurtu, ka rubuta sunan da ajami a jikin katakon daga ciki. In an ga mutumin, sai ka lashi yatsa ka goge. Kakan ce, "Takarda tana yawo, katako yana zama."

Makon jiya Bappa, ƙanin babana, ya ce wani mai tara kayan tarihi zai zo daga Abuja ya ga teburin, in tsabtace shi. Na ji kunyar baƙo ya tarar da dabbare-dabbaren tawada. Na ɗauko soso da sabulu na wanke shi ciki da waje, kamar yadda muke wanke allo.

Kaka, ni da nake jiƙa maka ƙaro kana haɗa tawadar nan, na san ruwa yana cinye ta. Hannuna ne ya riga hankalina. Sai da na ga baƙin ruwa yana bin gwiwar hannuna na tuna.

Baƙon ya zo, ya shafa katakon, ya ce masu tara irin waɗannan kaya tabon suke so, na wanke masa shekaru. Kurtun gilashinka mai murfin tagulla kawai ya ɗauka. Bappa bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi.

Ran Lahadi Mama Rifkatu ta biyo daga coci, kamar yadda ta saba tun kana raye. Har yau ba a ga ɗanta ba. Ba ta iya karanta ajami, amma ta san wurin, can kusurwar hagu ta ƙasa. Na buɗe mata murfin. Ta ɗora yatsa a kan farin katako, ta kalle ni da murna, ta tambaya ko an gan shi ne.

Na ce mata a'a.

Ba ta zage ni ba. Ta zauna a tabarma, ta sake faɗa mini sunansa, Yohanna, na rubuta a kusurwar da biro, da boko, domin ajamina bai kai naka ba.

Sauran fa, Kaka? Sun kusa cika murfin. Masu su wasu sun koma gida, wasu sun bi ka. Na yi ta ƙoƙari, uku kawai na tuna, ɗaya ma ban tabbata ba.

Ka yafe mini. Allah Ya haskaka kabarinka. Waɗanda na goge, Shi da ba Ya mantuwa Ya kira kowannensu da sunansa, Ya mayar da shi ga uwarsa.

Jikarka mai kewarka,
Asma'u