Tsirona Mai Cin Ƙuda da Baƙin Maigidana

Anti Badiyya, assalamu alaikum. Ki taimaka mini da shawara, don Allah kada ki yi dariya, magana ce ta tsiro amma ta hana ni sukuni.

Ni tela ce a Agege, a nan aka haife ni. Ban taɓa raya ko albasa a gwangwani ba. 'Yata Hanan, wadda ta karanci ilimin tsirrai, da za ta tafi bautar ƙasa ta bar mini wani ɗan tsiro a kofin roba, Turawa na kiransa Venus flytrap. Ganyensa kamar baki ne mai haƙora, ƙuda na sauka a ciki sai ya rufe ruf. Ta ce kada in ba shi ruwan bohol ko na leda, wato fiya wata, sai ruwan sama, kada in sa masa taki, kuma in bar shi a rana.

Anti, na riƙe amanar nan. Duk damina ina tara ruwa a jarkoki, har maƙwabciyata Iya Sikiru ta tambaye ni ko magani nake haɗawa. Tsiron ya zo mini da baki huɗu, na kai shi ya cika kofin, cikin bakunan ya yi ja kamar an shafa musu janbaki. Ƙawar Hanan da ke Isolo nata ya mutu tuntuni, ita da digirinta, nawa kuwa yana nan. Ranar da na tura wa Hanan hotonsa, sai da ta kira ni tana ihu.

Matsalar maigidana ce, Alhaji Mu'azu. Da farko ciyawar aljanu yake ce masa. Tun ranar da ya ga ya kama ƙuda da idonsa, shi ke nan. Yanzu daga masallaci yake kwaso abokansa zuwa barandarmu, har da dillalan tumatir na kasuwar Mile 12. Sai ya ɗauki tsinken sakace yana tsokanar bakunan ɗaya bayan ɗaya suna rufewa, ana ta kabbara. "Namu ne," haka yake cewa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya gutsuro tsire ya cusa masa, wai shi ma ya ji daɗin duniya. Yanzu bakuna da yawa sun yi baƙi, wanda ya ci tsiren har wari yake.

Gaskiya tun da ya bar tuƙin tirela saboda ciwon baya ban ga abin da ya faranta masa rai haka ba, kuma ina jin daɗin yadda yake yabona a gaban mutane. Amma Hanan ta kusa dawowa, ina so ta tarar da shi kamar yadda ta gani a hoto. Ga wani dogon kara ya fito daga tsakiyarsa, ban san ko ciwo ba ne. Kunya ta hana ni tambayar Hanan. Yaya zan yi in tsirar da tsiron ba tare da na kashe wa Alhaji gwiwa ba?

Maman Hanan, Agege.

Wa alaikumus salam, Maman Hanan.

Ban yi dariya ba, jinjina na yi miki. Tsiron nan yana ba masu ilimin abin wuya, ke kuma kin raya shi a zafin Legas. Kin cancanci alfahari.

Ki kwantar da hankalinki, bai mutu ba. Kowane baki sau kaɗan yake iya rufewa kafin ya gaji ya yi baƙi, kuma rufewar banza ba abinci a ciki tana cinye masa ƙarfi. Nama kuwa ba ya iya narkar da shi, ga mai da yaji, shi ya sa ya ruɓe. Ki sa almakashi mai tsabta ki yanke duk wanda ya yi baƙi. Muddin gindinsa fari ne da ƙarfi, sababbi za su fito. Ki ci gaba da ruwan sama, ki ɗora kofin a faranti mai ɗan ruwa don kada ƙasarsa ta bushe. Karan nan fure ne, alamar ya girma a hannunki. Amma fure na jan ƙarfi, kuma yanzu yana jinya, don haka ki yanke shi.

Sai Alhaji. Bai yi don ɓarna ba, ba wanda ya faɗa masa dokar ne. Kin ga bakunan suna yin baƙi, kin riƙe a ranki, kina kallonsa yana kuskure. Ina jin har da ɗan kishin kalmar nan ta "namu" a ciki. Ki same shi ku biyu, ba a gaban baƙi ba. Ki nuna masa bakin da ya ruɓe, ki gaya masa dalili, sannan ki ba shi aiki: shi ne mai ciyarwa. Ƙuda ɗaya mai rai, baki ɗaya, lokaci-lokaci, sauran kuma kallo ba taɓawa. Baƙinsa za su ga farauta ta gaske, wadda ta fi ta tsinke armashi. Mutumin da ya saba kula da babbar mota ya san abin da ake nufi da ƙa'ida, za ki ga shi ne zai riƙa hana abokansa kai hannu.

Ki kuma kira Hanan ki faɗa mata komai. A ƙasarsa ta asali tsiron nan yakan yi barci lokacin sanyi, mu kuwa ba mu da irin wannan sanyin, wannan sai da iliminta. Uwa ta tambayi 'yarta abin da ta tura ta makaranta ta koyo, ba abin kunya ba ne, daɗi za ta ji.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya dawo muku da Hanan lami lafiya, ya sa albarka a hannunki.

Anti Badiyya.