Kun Ce In Dakata, Ga Abin Da Ya Sami Ladidi

Zuwa ga Shugaban Sashen Jin Daɗin Jama'a na ƙaramar hukumarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya tare da iyali da abokan aiki.

Sunana Binta, daga wani ƙauye a kan hanyar Funtuwa zuwa Malumfashi. Shekara goma sha bakwai na yi ina jinyar ƙanena Sabi'u, wanda aka haifa ba ya tafiya, ba ya magana. Wanka, ɗauka, ciyarwa, duk ni ce, har Allah ya karɓi abinsa. Ko jana'izar gwaggona ban je ba, don babu wanda zan bar wa shi. Bayan rasuwarsa na share ɗakinsa, na ce wa matan da ke cikin irin halin da na fito su riƙa kawo mini nasu na yini ɗaya, su samu su je gona ko asibiti, ko su miƙe bayansu kawai.

Na ɗaya, da ƙafata na zo ofishinka, ba kamo ni aka yi ba. Na nemi a duba ɗakin, a koya mini yadda ake yi da mai farfaɗiya, a ba ni takardar izini. Ma'aikacinka ya rubuta sunana, ya ce kada in sake karɓar kowa sai an zo dubawa, in na saɓa laifi ne. Na bi umarni.

Na biyu, daga farkon damina har aka yanke dawa, sau huɗu ina dawowa. An ce kana taro, an ce mota ba mai, sau biyu kuma ƙofa na tarar a kulle.

Na uku shi ya sa na rubuto. Akwai maƙwabciyata Hajara, mijinta ya rasu ya bar ta da 'yarsu Ladidi, mai shekara ashirin da biyu. Hankalinta na ƙaramar yarinya ne, ga kuma farfaɗiya. Kafin a hana ni, duk Talata wurina take yini, tana taya ni tsince wake tana 'yan waƙe-waƙenta. Da lokacin tsinkar tumatir ya zo, Hajara ta sami ƙwadago a wata fadama wajen Danja. Ta zo ta roƙe ni in riƙe mata ita, na ce an hana ni. Ta daɗe tsaye a bakin zaure, ta ce to ina za ta kai ta, ga shi ko tiya ɗaya ta hatsi babu a gida. Washegari ta kulle ta a tsakar gida ta tafi. Ciwon ya tashi tana kusa da murhu, wutar koko ba ta gama mutuwa ba. Sai da la'asar aka gan ta. A asibiti aka yanke mata hannun dama daga gwiwa.

Na je duba ta. Ta gane ni, ta yi murmushi, ta ɗaga dungun hannun tana nuna mini. Na kasa haɗa ido da Hajara. Ranka ya daɗe, ina da kasona a wannan laifi, tunda na ji tsoron ofis fiye da abin da na san zai iya faruwa. Amma ba ni kaɗai ke da shi ba.

Roƙona shi ne a turo mai duba ɗakin, in akwai gyara a faɗa mini. A haɗa ni da ma'aikaciyar jinya ta koya mini abin da ban sani ba. Sannan wani daga cikinku ya je ya ga Ladidi da idonsa.

Kada kuma a ce na ɓoye: tun makon jiya na sake buɗe ɗakin. Yau mutum uku ne a wurina, iyayensu suna gona. In laifi ne, ina gida.

Allah ya ba ka ikon sauke nauyin da ke wuyanka, ya tsare zuri'arka daga irin wannan jarrabawa.

Wassalam.
Binta