Fim Ɗin Ya Zo, Onyekwere Bai Dawo Ba

Hausari, Maiduguri
Nuwamba 1966

Yaya Dorothy,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Mama da yara? Ƙafar Baba ta yi sauƙi?

Ni lafiya lau nake, kada ku damu, ɗakin ne dai ya yi min shiru. Kin tuna maƙwabcina Onyekwere? Bayan aiki tare muke karanta wani littafin labari. Yakan ce, "Pindar, ranar da aka kawo fim ɗinsa, ni zan kai ka silima." Da rikicin nan ya ɓarke, ya hau mota ya nufi garinsu a Gabas. Har yau ba labari.

Jiya aka nuna fim ɗin. Na je har ƙofar silima, na kasa shiga.

Ki ce Mama ta sa shi cikin addu'a.

Ƙaninki,
Pindar