Farar Shaddar Kawu Sale

Asabar, bayan isha'i, Kura

Har yanzu zuciyata tafasa take. Ni na kai 'yan ƙungiyarmu ta ɗaukar hoto gonar Kawu Sale, su ɗauki dashen shinkafa. Tun jiya da na faɗa masa yake ɗoki. Muka tarar ya yi aski, ya saka farar shaddarsa ta Juma'a da matarsa Inna ta goge masa, har da turare, yana jiranmu a bakin gona.

Sai Nura, wai shi shugaba, ya yatsine fuska. "Baba, ai haka ba ka yi kama da manomi ba. Saka yagaggiyar rigar aikin nan, ka ɗan shafa taɓo."

Ji rashin kunya! Mutumin da ya yi jika da shi! Sauran kuma suka gyara kyamara suna jira.

Kawu ni ya kalla. "Aminu, ashe talaucina kuka zo ɗauka?" Duk da haka ya je ya canza, albarkacina.

Ga su can a guruf ɗinmu na waya suna ta yabon hoton, Nura har da cewa na gasa ne. Wallahi ba da Kawuna ba! Ko ɗaya cikinsu bai ji abin da ya raɗa min da za mu tafi ba: "Don Allah kar Innarku ta gani."