Ragon da Muka Kai wa Masu Haƙa

Garwa, daren Laraba, ƙarshen rani

Yau ma shanu sun sunsuna ruwan rijiyarmu sun kau da kai. Na ɗanɗana da kaina: ɗaci-ɗaci, ga wata farar laka kwance a gindin guga.

Abin da ke cina a rai ragon nan ne. Da Nasaru suka kafa injin haƙa a bayan zangon shanu, mun ɗauka rijiya gwamnati za ta yi mana. Ni na zaɓi ragon, ni na ja shi har gabansu don godiya. Ashe dutsen takin zamani suke nema.

Da hantsi na je ofishin sufurefe, wato wakilin gwamnati na yankinmu, don in kai ƙorafin ɓacin ruwan. Akawu ya zaro takardar izinin haƙar mai hatimi, ya ce, "Alhaji, wata guda tana manne a ƙofar nan don mai ƙorafi. Ba wanda ya zo."

Na ce, "Da Faransanci? Da shela aka yi ran kasuwa, ai da mun cika wurin nan."

Ya ce, "To, a rahoto an rubuta jama'a sun yi murna. Har rago suka bayar."

 Na kasa gaya masa hannuna ne ya riƙe igiyar.