Yadi Ɗari Tara a Takarda

Ƙofar Doka,
Birnin Zariya.
6 ga Yuli, 1989.

Zuwa ga taubashina Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara, har da gwiwar nan taka da ka ce sanyin Jos ya hana ta sakat. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ramatu tana gaishe ku, ta ce a gaya maka dankalin ya iso. Rabinsa ya ruɓe a mota, kamar yadda komai yake ruɓewa a hanya a ƙasar nan. Wannan na ƙarshen ni na ƙara, ba ita ba.

Ka tambayi abin da nake yi. Ina zaune a zaure. Shekara biyar ke nan da aka karanto sunana cikin waɗanda aka sallama daga aiki, bayan shekara ashirin da shida ina safiyo, ina jan sarƙar awo a dazuzzuka. Ni da na zo na ɗaya a lissafi a ajinmu, kai kana na goma sha bakwai, kuma kada ka musa. Ƙananan filayen saukar jirgi talatin da ɗaya na auna da ƙafata a ƙauyukan Arewa. Yau ciyawa ta cinye su, ni ma an bar ni ciyawar ta cinye.

Ga labarin 'yarka Maijidda. Ta bar asibitin da take aikin nas, ta koma wata ƙungiyar agaji da ta samo ɗan ƙaramin jirgin sama mai inji ɗaya. Aikinsu ɗauko marasa lafiya daga ƙauyukan da mota ba ta kaiwa idan damina ta yi nisa. Mutanen unguwa suna ce masa jirgin asibiti. An cire masa kujeru an sa gado, da tukunyar iskar numfashi, da ƙugiyar rataye ledar ƙarin ruwa. Suna da matuƙi, wani Kyaftin Yari, da likita, da makanikai biyu, da wata mata mai zama gaban oba-oba tana karɓar kira daga ɗakunan shan magani na karkara.

Na hana, ba ta hanu ba. Ba don tana mace ba, ka san ni. Na hana ne don na san filayen da za a riƙa sauke min ita a kai. Makon jiya ta durƙusa a gabana ta roƙe ni littattafan awona, waɗanda ke cikin akwatin ƙarfe, wai matuƙinsu yana son ganinsu. Na ce takardun ma'aikata suna hannunsu, su ishe su. Waɗanda suka kore ni ba su tambayi littattafan ba, ban ga dalilin da zan kwashe su in kai wa kowa ba. Ta tashi ta fita. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Idan jirgin ya bi ta kan ganuwa, yara su yi ta ihu suna ɗaga hannu, ni kuwa in shige ɗaki.

Ka gaida Hajiya. Ka bar hawan tudu da gwiwar nan.

Naka,
Jumare


Ƙofar Doka,
Birnin Zariya.
19 ga Agusta, 1989.

Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya kai da iyali, ya kuma ruwa a wajenku? Mu nan Alhamdu lillahi. Ka zauna kafin ka karanta wannan, don akwai abin da na ɓoye maka shekara goma sha biyar.

Ranar Alhamis da safe ina shan koko, Ramatu take gaya min direban ƙungiya ya zo ya ɗauki Maijidda da gaggawa. Wai wata mata ce, Delu, kwana biyu tana naƙuda a wani ƙauye, ɗan ya zo a gicciye, ruwa kuma ya tafi da gadar da ake bi. Na tambayi sunan ƙauyen. Ta ce Dogon Marke. Wallahi sai da ludayin ya faɗi daga hannuna.

Ni na auna filin Dogon Marke a watan Maris na 1974. Ƙa'ida ta ce sai fili ya kai yadi ɗari tara kafin a amince da shi. Ƙasa mai ƙarfi da na samu yadi ɗari shida da ashirin ce. Sauran fadama ce, wadda da rani take bushewa ta yi kamar titi, da damina kuwa tana haɗiye ƙafar saniya har gwiwa. Na gaya wa shugabana. Ya ce manya za su zo buɗe filin nan da mako uku, an riga an buga katin gayyata, in rubuta ɗari tara kawai. Na rubuta, na sa hannu. A littafina na rubuta gaskiya da jan biro, na rufe. Aka buɗe filin da rani, jirgi ya sauka lafiya, aka tafa, ba a sake amfani da shi ba. Ni ne kuma nake cika maka kunne cewa an kore ni da hannuna fes.

Takardar nan mai ɗari tara ita ce a hannun Kyaftin Yari, kuma 'yata ce za ta zauna a bayansa.

Ban san lokacin da na buɗe akwatin ba. Na zaro littafi na goma sha ɗaya, na fita ko hula ban sa ba, na tare mai acaba a bakin ƙofa. Da na isa filin jirgi na tarar makanikai suna zuba mai, Maijidda tana jera kayan aiki a jikin gadon. Na yi niyyar in ja matuƙin gefe in raɗa masa, sai na ga babu lokacin raɗa. A gaban kowa na faɗa, har da masu gadi. Na ce takardar ƙarya ce, kuma ni na yi ƙaryar. Na buɗe shafin jan biro na miƙa.

Ban iya kallon Maijidda ba.

Shi Kyaftin Yari, yaro ne da bai wuce sa'an Kabiru ɗanka ba, amma ka ga natsuwa. Bai yi min wa'azi ba, bai ko ɗaga gira ba. Tambaya uku ya yi min: ta wane ɓangare fadamar take, yadi nawa ne mai ƙarfin, waɗanne itatuwa ne a kusa. Ya ɗauki fensir ya yi lissafi a bayan takardar tawa, ya ce idan an rage nauyi ɗari biyar da hamsin za su ishe shi, amma ba zai yarda da awon shekara goma sha biyar ba, ko na jan biro ne. Sai an taka filin yau. A zuciyata na ce ashe har yanzu ana haifar masu hankali.

Aka kai ni ɗakin oba-oba, matar nan mai karɓar kira ta haɗa ni da Labaran, malamin ɗakin shan magani na ƙauyen. Na ce ya je gindin marken da ke gabas, zai ga turken siminti da na kafa, daga nan ya fara ƙirga taku. Na kuma koya masa dabarar da muke yi a da: a ɗora buhun hatsi a bayan keke, a sami wanda ya fi kowa ƙiba a garin ya hau ya tuƙa da gudu a tsakiyar filin. Duk inda taya ta nutse ta wuce gaɓar yatsa, nan ƙarshen fili yake, a shimfiɗa farin zane a danne da duwatsu. Labaran ya ce mai ƙiba a garinsu sai Sarkin Pawa, kuma rabonsa da keke tun yana saurayi. Na ce ko ɗaure shi ne a yi a kai.

Minti arba'in muna jira. Da Labaran ya dawo yana haki, ya ce sun sami ɗari biyar da tamanin, amma akwai matsala. Ka san halin manomi da filin da ba a amfani da shi, kowace damina sai ya ƙara kunya ɗaya. Taku sittin na bakin gabas duk sun zama gonar gyaɗa. Ka cire sittin ka gani, ba su kai abin da matuƙi yake nema ba.

Dagaci ya sa aka buga gangar gayya. Labaran ya bar oba-obar a buɗe, muna jin kiɗan daga nan Zariya. Ya ce mai gonar da kansa ya fara sa garma a gyaɗarsa, saura 'yan makonni ta nuna. Maza suna baje kunyoyi, mata suna biye da madaɓi suna daɓe kamar za su yi wa amarya ɗaki. Wasu suka kori shanu, wasu suka hura wuta da ɗanyen ganye don hayaƙi ya nuna wa matuƙi inda iska take kaɗawa.

Nan kuma makanikai suka zuƙe man da ya yi yawa, suka kwance kujerar da ta rage. Likitan mutum ne da Allah ya yi wa albarkar jiki, matuƙi ya dube shi ya ce sai dai haƙuri. Likita ya yi dariya ya ce yau tuwo ya hana shi tafiya, ya wuce asibiti ya shirya ɗakin tiyata. Aka bar Maijidda ita kaɗai da aikin, don ta yi karatun ungozoma. Ta wuce ta gabana da jakarta ta hau. 

Daga nan sai abin da kunnena ya ji. Na ji Kyaftin yana cewa ya hango hayaƙi, ya hango farin zane, zai bi ƙasa-ƙasa sau ɗaya ya duba, idan bai gamsu ba zai juyo. Na ji ya ce zai sauka. Sannan shiru. Ban taɓa sanin minti ɗaya yana da tsawo haka ba. Sai ga muryar Labaran ta fasa, yana ta kabbara, bayansa guɗa tana tashi.

Kafin azahar suka dawo. Ina tsaye a jikin waya na ga an buɗe ƙofar jirgi, na ga 'yata ta sauko riƙe da ledar ruwa sama da kanta, tana ba da umarni, ƙarti huɗu suna binta da gadon kamar sojoji. Motar asibiti ta riga ta juyo baki tana jira. Tun daga ƙauyen har Zariya ita ta riƙe matar nan da rai. An yi tiyata, an ciro 'ya mace, uwa da 'ya duk suna numfashi.

Mika'ilu, na daɗe ina gaya maka ba abin da ke aiki a ƙasar nan. Ranar Alhamis na ga abu ya yi aiki, tun daga mai buga ganga har zuwa mai riƙe da wuƙar tiyata. Wurin da ya kusa lalacewa ɗaya ne, kuma sa hannuna ne a kai.

Har yau Maijidda ba ta kwana gida ba, tana wajen mara lafiyarta. Ban san da wane ido za ta dube ni ba. Ka sa ni a addu'a.

Naka,
Jumare


Ƙofar Doka,
Birnin Zariya.
2 ga Satumba, 1989.

Taubashina Mika'ilu,

Assalamu alaikum. Na sami wasiƙarka, na gode, na kuma gode da tsiyar da ka yi min cewa na goma sha bakwai bai taɓa ƙara wa fili yadi ɗari biyu da tamanin ba. Ka ci wannan. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi, Hajiya kuma tana lafiya.

An sallami Delu shekaranjiya. Mijinta ya iso bayan kwana biyu, rabin hanya a ƙafa, ya zo har zaure ya yi min godiya. Na ce ba nan zai kai ta ba, ya koma ya gode wa mai gonar gyaɗa.

Na sa an ɗauki akwatin ƙarfen gaba ɗaya an kai wa Kyaftin Yari. Na kuma nuna masa filaye uku da takardunsu ba su yi daidai da littafina ba. Ba Dogon Marke kaɗai ba ne, gara ka sani. Yanzu duk Talata ina zuwa, muna bin shafi ɗaya bayan ɗaya, muna gyara da jan biro. Ba albashi, ba muƙami. Makanikan suna ce min Baba Mai Keke, na rasa yadda zan hana su.

Maijidda ta dawo gida ran Asabar da la'asar. Ta shigo zaure ta durƙusa ta gaishe ni kamar kullum. Na rasa ta inda zan fara, sai na tambaye ta yadda ƙasar filin take. Ta ce da ƙarfinta, har sawun keken Sarkin Pawa ta gani. Ta ce jirgin ya tsaya saura taku talatin da huɗu ya kai farin zanen. Na ce wa ya ƙirga? Ta ce ita. Wai bayan ta sa wa Delu ruwa ta ɗaure ta a gadon, mutane suna tura jirgin su juya masa baki, sai ta je ta taka wurin da ƙafarta, yadda nake koya mata a tsakar gida tana 'yar shekara shida, don ta san tambayar da zan fara yi mata ke nan. Ta zaro takarda daga aljihun rigarta ta miƙo min, ta ce in shigar a littafi na goma sha ɗaya, a ƙarƙashin jan rubutun.

Na shigar. Lambar daidai take.

Jiya jirgin ya bi ta kan ganuwa ina tsaye a ƙofar gida. Wani baƙo ya tambaye ni ko na gwamna ne. Na ce a'a, na asibiti ne, kuma 'yata tana ciki.

Ramatu tana gaishe ku. Allah Ya bar zumunci, Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Jumare Adamu